Lafiya Lau a Mashigar Cho La

Mun tashi da asuba, ƙarfe biyar saura kwata, ranar Talata, daga masaukinmu na Xiaobei a birnin Guangzhou. Mu uku ne. Akwai maigidana, wanda ya ɗauko ni ina saurayi ya zaunar da ni a rumfarsa ta Kantin Kwari ya koya mini fatauci, shekarunsa hamsin da takwas. Akwai abokin cinikinmu mutumin Maraɗi, mai sarin takalma, mahaddaci ne kuma mai yawan barkwanci. Sai ni. Ban da mu babu kowa a wurin sai mai gadin bene, wanda ya buɗe mana ƙofa yana hamma. Na kawo ƙidayar nan tun farko ne domin za ta yi amfani a gaba.

Ga yadda tafiyar ta samo asali. Masaƙar da ke yi mana yadi ta ce kayanmu "meyo", wato babu, sai bayan kwana ashirin. Bizarmu kuma ta kusa ƙarewa, dole mu fita ƙasar mu sake shigowa. Muna ofishin mai masaƙar, wanda muke kira lawban kamar yadda ake kiran kowane mai gida a can, sai ya nuna mana hotonsa a kan wani farin dutse a ƙasar Nepal. Maigida ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Na hau Dala, na hau Goron Dutse, na hau dutsen Hira a Makka da azumi a bakina. Wannan ma ai dutse ne."

Mutumin Maraɗi ya ce, "Alhaji, yaushe Bakano ya fara hawa abin da ba a sayar da komai a samansa?"

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Da yake ni ne mai ɗan Turanci, karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, shirin ya faɗo a kaina. Na ja layi a takarda: rana, wuri, lokacin tashi, lokacin sauka. Kwana goma sha shida cif, mu dawo kafin a fara loda kwantena. Muka je kasuwar Baima muka sayi rigunan sanyi masu kumburi, mutumin Maraɗi ya saka tasa ya koma kamar buhun auduga.

Jirgin ƙasa ya kai mu Hong Kong, jirgin sama ya kai mu Kathmandu. Ranar Laraba da yamma aka haɗa mu da jagoranmu, mutumin ƙabilar Sherpa, gajere, fuskarsa ta ƙone da rana da sanyi, ba ya magana sai ta kama. Ya karanta takardata daga sama har ƙasa, ya ce kwanan hutu biyu ake yi a hanyar nan domin jiki ya saba da ƙarancin iska, ni kuwa ɗaya na rubuta. Na ce ɗaya ne ya shiga lissafi. A ƙarshe ya ce ya yarda bisa sharaɗi guda: kullum safe da yamma zai tambayi kowannenmu abu uku, kai, barci da abinci, kuma gaskiya yake so. Idan kowa lafiya, mu wuce. Idan wani ya ce kansa na ciwo, mu tsaya ko mu sauka. Na fassara, kowa ya ce ya ji.

Alhamis da safe wani ɗan ƙaramin jirgi ya ajiye mu a Lukla. Filin saukar tsakuwa ne, a karkace yake a jikin dutse, ƙarshensa ɗaya bango ɗaya kuma rami. Nan 'yan dako biyu suka same mu, magidanta ne duka, suka zuba kayanmu a kwandunan gora suka rataya da ɗamara a goshi. Muka zama mu shida. Daga ranar na ɗauki al'adar ƙirga mu a bakin kowace gada da kowane zango.

Daga Lukla zuwa sama babu wani abu mai taya. Buhun shinkafa, katakon gini, kwanon rufi, duk a bayan mutum suke hawa ko a bayan yak, wata irin saniya mai gashi har ƙasa da ƙararrawa a wuya. Idan kun haɗu da ita a siririyar hanya, ka raɓe ta ɓangaren dutse, domin ba ta san girman kowa ba. Gadojinsu na waya ne, suna lilo a kan ruwa fari mai ƙugi. A tsakiyar hanya za ka tarar da tulin duwatsu da aka sassaƙa wa rubutun addininsu, kuma kowa ta hagu yake zagaye su. Jagora ya roƙe mu mu yi haka, muka yi, tunda hanyarsu ce, ba mu taɓa komai ba.

Juma'a muka shiga Namche, gari ne da aka gina a cikin kwarin dutse kamar an raba akushi biyu. Asabar muka yi hutunmu guda ɗaya, ta kuma zo daidai da ranar kasuwarsu. Mutumin Maraɗi ya tarar da irin takalman da yake sara a Guangzhou, an ƙetaro da su ta Tibet a bayan yak, ana sayar da su ninki huɗu. Maigida ya ce masa, "To Malam, ka ga ashe ana ciniki a saman." Abincinsu shinkafa da miyar wake safe da dare, sai dankali da miyar tafarnuwa, da wani shayi mai gishiri da man shanu wanda ban iya shanyewa ba. Ba sa yanka dabba a kwarin nan gaba ɗaya, saboda haka batun nama bai taso ba, muka riƙa lallaɓa kilishin da muka zo da shi daga gida. Kofin ruwan zafi kuwa, kowane ƙauye ka hau sai ka tarar ya fi na baya tsada, domin itace ya ƙare, da busasshen kashin yak ake hura wuta.

Kwana biyu bayan Namche bishiyoyi suka ƙare. Babu tsuntsu sai wasu baƙaƙe masu bin mu daga nesa. Ƙauyukan suka koma gida huɗu, gida biyar, an kewaye su da katangar dutse, wasu ma babu kowa a ciki, masu su sun sauka da dabbobinsu. Shirun wurin har kunne yake cikawa. Mutum yana jin bugun zuciyarsa kamar ana daka a gidan maƙwabta.

A ƙauyen Machhermo, inda jagora ya so mu yi hutu na biyu, na fara ganin abin da na gani. Maigida ya naɗe kansa da rawani ya ɗaure tamau. Ya bar rabin shinkafarsa. Da safe na je bayan katanga na ji yana amai, na juya da sauri don kada ya san na ji. Da jagora ya zo da tambayoyinsa uku, maigida ya gyara zama ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Kun san mu. Mutum yana kwance a gadon asibiti, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Dattijo ba ya kai ƙarar jikinsa gaban yaronsa, balle gaban baƙon da bai kai shi shekaru ba. Yaro kuma ba ya ƙaryata maigidansa a gaban mutane. Na fassara abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Jagora ya dube shi, ya dube ni, ya ce to mu tafi. Ni kuma na ji daɗi a raina, domin takardata ba ta ɓaci ba. Wannan laifina ne, na rubuta shi a matsayinsa.

Da azahar muka isa Gokyo, 'yan gidaje a bakin wani tafki mai launin shuɗi da kore. Babu kifi, babu kwalekwale, ko motsi ruwan ba ya yi. Na durƙusa zan yi alwala, jagora ya riƙe mini kafaɗa ya ce ba a wanka ko wanki a nan, suna girmama ruwan, ya sa aka kawo mini a buta. Maigida bai ci komai ba a ranar sai dabino biyu. An tambaye shi da yamma, an tambaye shi da safe. Lafiya lau.

Daga Gokyo aka ƙetare kogin ƙanƙara. Na zaci fari zan gani, ashe tsakuwa da ƙasa mai ruwan toka sun rufe shi, tudu da kwari kamar an rushe wani babban gari. Babu iska, amma sai ka ga dutse ya ɓalle shi kaɗai ya gangara cikin rami. A ƙarƙashin ƙafarka kuma wani abu yana nishi, can ƙasa, kamar ana jan ƙofar ƙarfe. A tsakiyar wurin nan maigida, wanda ke gabana, ya tsaya cak, ya raɓe gefe kamar mai ba wani hanya, ya ce, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah."

Na duba gaba, na duba baya. Na ƙirga. Mu shida ne. Tun daga nan mutumin Maraɗi bai ƙara yin barkwanci ba.

La'asar ta same mu a wasu bukkokin dutse guda uku a gindin mashigar Cho La, wato wuyan dutsen da za mu ƙetare washegari. Mutumin Maraɗi ya shiga gaba zai ja mu salla, ni da maigida muka tsaya a baya. Na matsa don mu haɗa kafaɗa, sai ya tura ni a hankali da gwiwar hannu.

Ya ce, "Matsa mana. Ka bar wa Yaya wuri."

Yayansa ya rasu shekara shida da suka wuce a Kano. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na matsa. Haka muka yi raka'o'in nan da gurbin mutum guda a tsakaninmu, kuma ban san abin da na karanta ba.

Da aka idar, jagora ya zo ya yi tambaya, aka ba shi amsar da aka saba, na fassara. Mutumin Maraɗi ya ja ni bayan bukka ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah ka gaya wa mutumin nan. Ni Faransanci nake ji, da ina jin Turanci da na faɗa masa da kaina."

Na ce, "In ƙaryata Alhaji a gaban baƙo? Gobe ne hawa na ƙarshe. Daga ƙarfe goma sai gangara, ga shi a rubuce."

Ya ce, "Takarda ce za ta yi masa numfashi?"

Na juya na koma cikin bukka.

Mun tashi ƙarfe biyar da rabi na safe. Hawan na manyan duwatsu ne masu santsi, taku goma ka tsaya ka nemi numfashi. Maigida yana tangaɗi, ni ina bayansa ina tare shi da kafaɗa yadda jagora ba zai lura ba. Ƙarfe goma da minti ashirin muka kai saman, wuri ne ɗan tsukuku tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, an ɗaure tsummokaran addu'arsu masu launi a igiya, iska ta cinye su. Jagora ya ce mun haura mita dubu biyar. Ba mu yi minti biyar ba gajimare ya taso daga ƙasa ya rufe mu, har ba na ganin wanda ke taku goma daga gare ni. Na ƙirga, shida. Na sake ƙirgawa, domin raina bai kwanta ba.

Maigida ya zauna a kan dusar ƙanƙara. Ya cire safar hannu ya ajiye a gefe, ɗaya kan ɗaya, ya buɗe rigar sanyinsa, a cikin sanyin da ya sa gemunmu ya daskare.

Ya ce, "Ku yi gaba, ina nan tafe. Yaya ya ce mu ɗan zauna, ya shimfiɗa tabarma. Wurin nan akwai zafi."

Jagora ya tsuguna a gabansa, ya nuna kai, ya nuna ciki. Maigida ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau."

Wannan karon jagora bai jira fassara ba. Ni ya zuba wa ido. Sai na faɗa masa duka a jere: amai tun Machhermo, rawanin da aka ɗaure saboda ciwon kai, kwana uku babu abinci, sallamar da aka amsa a kan kogin ƙanƙara, da gurbin da aka bari a sahu. Maigida ba ya jin Turanci, amma ya shekara talatin yana karanta fuskar mutane a kasuwa.

Ya ce, "Kai! Me kake gaya masa? Ni za ka tona wa asiri a ƙasar mutane?"

Na ce, "Ka gafarce ni, Alhaji. Ba ka da lafiya."

"Ni na ce maka?"

Jagora ya ja dogon layi a kan dusar da sandarsa, ya ce maigida ya bi shi, ƙafa gaban ƙafa. Maigida ya miƙe a fusace don ya kunyata ni. Taku na uku ya kife. Jagora bai ɗaga murya ba, ya dai ce mini, "Da jiya ka faɗa, ɗan sauka kaɗan ya ishe shi. Yau sai mun yi tsere da shi."

'Yan dakon suka zazzage kwando ɗaya, suka yanke masa baki, suka shimfiɗa bargo. Jakata da takardar shirina suna cikin abin da aka bari a wurin, aka danne da dutse. Maigida ya ƙi shiga, yana cewa shi ba gawa ba ne. Shekara goma sha tara ina tare da shi ban taɓa ko riƙe masa hannu ba tare da izini ba. Ranar na rungume shi ta baya na ɗaga shi, yana zagina, mutumin Maraɗi ya kama ƙafafu, muka zaunar da shi muka ɗaure. Babban ɗan dakon, siriri ne mai furfura, ya sa ɗamara a goshi ya miƙe da shi.

Ɗaya ɓangaren mashigar ƙanƙara ce zalla. Jagora yana gaba yana caka sanda kafin kowane taku, ɗan dako na bin sawunsa, ni ina bayan kwando. Wanda aka goya a kwando baya yake fuskanta, saboda haka fuskar maigida tana kallona, amma ba ni yake kallo ba. Ta saman kafaɗata yake duba cikin gajimaren, yana yafito da hannu.

"Taho mana, Yaya. A hankali, akwai santsi."

Ban waiwaya ba. Ina faɗa muku gaskiya, awa biyu na yi ban waiwaya ba. Wani lokaci mukan ji ƙararrawar yak kusa da mu, ta dama, sai kuma ta hagu, ba mu ga dabba ko ɗaya ba. Mutumin Maraɗi yana ta karatu a hankali, numfashi na yanke masa aya.

Ƙarfe ɗaya saura muka fita daga ƙanƙara muka sauka wani kwari, muka tarar da 'yar ƙorama da aka jera wa duwatsun tsallakawa. Da muka haye, maigida ya sauke hannunsa. Ya ce, "Ya tsaya. Ya ce shi iyakarsa nan." Sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, daga baya ya yi shiru, kansa ya langaɓe. Na riƙa sa hannu a hancinsa kowane ɗan lokaci.

Ba mu tsaya a ƙauyen farko ba. 'Yan dakon biyu suka riƙa karɓa-karɓa har ƙarfe shida saura minti ashirin, muka isa ƙauyen Pheriche inda akwai ɗan ɗakin shan magani na masu hawan dutse. Aka sa masa iska ta roba a hanci, aka yi masa allura. Likitar ta ce ƙarancin iska ne ya kumbura masa ƙwaƙwalwa, shi ke sa mutum ya ga abin da babu, kuma da ya ƙara kwana a sama da ba a sauko da shi da rai ba. Na yarda da bayaninta. Sai dai washegari, muna shan shayi, babban ɗan dakon ya faɗi wata magana jagora ya fassara mini: wai ya sha goya mutane, amma bai taɓa goya siririn mutum mai nauyi irin wannan ba, kuma nauyin bai ragu ba sai da aka tsallake ƙorama. Na rubuta yadda na ji. Allah shi ne masani.

Kwana biyu maigida ya dawo hayyacinsa. Bai tuna mashigar ba, bai tuna kwando ba, amma ya tuna cewa na ƙaryata shi. Muka gangaro a hankali har Lukla da ƙafarsa, yana magana da kowa ban da ni. A Kathmandu ya cire agogon hannunsa ya ba babban ɗan dakon ta hannun jagora. Ni ko kallo ban samu ba.

Mun shigo Xiaobei ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma, mun makara da kwana uku a kan shirina. Litinin na ruga masaƙa ina fargabar an loda kwantena babu mu. Lawban ya yi mini murmushi ya ce meyo, sai wani mako. Wato kwana ɗayan da na yanke, wanda ya kusa cin ran mutum, babu abin da ya saya mana.

Da yammacin ranar muna zaune a wani shago a benen Tianxiu, wani ɗan'uwanmu daga Kano ya shigo ya gaishe da maigida ya ce, "Alhaji, an ce ka sha jiki. Yaya ƙarfin jikin?"

Maigida ya buɗe baki ya ce, "Lafi..." sai ya tsaya. Ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin kwana tara. Ya ce wa mutumin, "Kaina yana ɗan sarawa, yatsun hannuna biyu ba na jin su, kuma ban yi barcin kirki ba." Maigida ya nuna ni da haɓa ya ce, "In bai gane ba ka fassara masa, tunda aikinka ne." Daga nan muka shirya, ni da shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na farko, wanda ya san hanya idan ya ce kwana biyu, kada mai takarda ya ce ɗaya. Na biyu, gaisuwarmu kyakkyawa ce, tana rufa asiri, tana ƙara haƙuri, amma akwai wurin da wanda ya tambaye ka lafiya ba gaisuwa yake yi ba, da amsarka zai yanke shawara a kan ranka. Na uku ya fi mini nauyi: na ga abin da na gani tun kwana uku kafin mashigar, na kira shiruna ladabi.

Saboda haka ina roƙonka, kai mai karanta wannan, ko ba za ka taɓa hawa dutsen da ya wuce Dala ba. Idan babbanka ya ce maka lafiya lau alhali ka ga ya bar abinci ya ɗaure kai, kada ka wuce da wannan amsar. Ka sake tambaya, in ya ƙi ka faɗa wa wanda zai iya taimako, ka ɗauki fushinsa. Sannan ka sa yayan maigidana a addu'a, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa.